Gwaggon Ɗakin Tiyata

Daga Allah muke, kuma gare Shi makomarmu take. Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, da hantsi, ina wanke hannu zan shiga tiyata, babbar nas ta zo ta tsaya a bayana. Da na juya ta ce, "Likita, Gwaggo ta cika." Kwana tara kacal ta yi tana jinya.

Gwaggo, ke ce likitar da ke sa yara barci kafin aiki, ni kuma mai dasa wa kurame na'urar ji a cikin kunne. Shekara goma sha shida muna ɗaki ɗaya, ba abin da ya raba mu sai koren mayafi, kuma ban tuna ranar da muka fito ba mu yi cacar baki ba. Ban san wanda ya fara ce miki Gwaggo ba. Na dai san har shugaban asibiti, da furfurarsa, haka yake kiranki, kuma in kin shigo ofishinsa yakan gyara zama.

Rigimarmu ɗaya ce kullum: jini. Aikina a wani ɗan rami ne bayan kunne, bai fi farce girma ba, ina leƙa shi ta madubi mai ƙara girma. A madubin nan ɗigon jini ɗaya tafki ne. Sai in ce, "Gwaggo, a ƙara sassauta bugun jinin nan, ba na gani." Ki ce, "Ƙanena, kai kunne aka ba ka. Ni yaron gaba ɗaya aka ba ni."

Ba zan manta da wata yarinya 'yar shekara biyu ba, wadda ba ta taɓa jin muryar uwarta ba. Muna tsakiyar aiki jini ya cika mini ramin. In tsane, ya dawo, in tsane, ya dawo. In bai tsaya ba dole in rufe in fasa, ga iyaye a waje sun shekara suna jiran wannan rana. Zufa ta jiƙa mini hula. Na ɗaga murya na ce ki saukar da bugun. Kika ce ya kai iyaka, ko ɗigon magani ba za ki ƙara ba, don ƙwaƙwalwar yarinya ma jinin take buƙata. Na ce to ki zo ki yi aikin da kanki.

Kika ɗan ɗaga gadon ta wajen kai, kika sunkuya kika leƙa ƙarƙashin mayafi. Kika ɗago kika ce, "Ƙanena, in ka gama hutawa a wuyan 'yar mutane, ka ɗauke hannunka." Ashe tsintsiyar hannuna ce na jingina a kan jijiyar wuyanta, jini ya rasa hanyar komawa. Ina ɗaukewa ramin ya bushe. Nas-nas suka yi ta tari a cikin takunkumi, tarin da na san dariya ce. Ba ki taɓa kai maganar gaba ba, amma shekara guda cur, duk safiya sai kin tambaye ni yadda hannuna ya kwana.

Sai waƙa. Allah Ya ba ki ilimi da natsuwa, amma murya kam bai ba ki ba. Duk da haka kowane yaro sai kin rungume shi, kin kwantar da kansa a ƙirjinki, kin rera masa waƙa har magani ya ɗauke shi. Na ce miki ai ba sa ji. Kika ce shi ya sa kike son aikin nan, su kaɗai ne ba su taɓa ƙorafi ba. Daga baya na gane cewa rawar muryar suke ji a jikinsu, shi ya sa ba sa fizge-fizge.

Wata biyu bayan aikinta aka kawo yarinyar nan 'yar shekara biyu dubawa, an riga an kunna mata na'ura. Kika tare ta a baranda cikin murna, kika ɗauko waƙarki. Ta zuba miki ido, ta taɓe baki, ta sa hannu ta cire na'urar ta miƙa wa uwarta. Uwar ta rasa inda za ta sa kanta don kunya. Ke kuwa kika yi dariya har da hawaye, kika ce, "Alhamdu lillahi, aiki ya yi. Kunnen nan lafiyarsa lau."

Da muka je gaisuwa, maigidanki ya nuna mana wani tsohon littafi. Kin rubuta kowane yaro da kika sa barci, kuma a gaban kowanne magana ɗaya: "Ya farka." Na yi ta buɗe shafuka ina neman inda babu ita, ban samu ba.

Ina miƙa ta'aziyya ga maigidanki, da 'ya'yanki uku, da jikokinki, da dukan ma'aikatan ɗakin tiyata. Allah Ya ba mu haƙurin rashinki. Allah Ya jiƙan ki, Ya yafe kurakuranki, Ya haskaka makwancinki. Yadda kika tsaya a kan 'ya'yan mutane har suka buɗe ido lafiya, Allah Ya tashe ki cikin aminci, Ya sa Aljanna ce makomarki. Amin.