Ƙwaryar Ɗan'iya Mai Tafireta

A shekarar 1977 Dawuda ya fara ganin Ɗan'iya, shekara guda bayan an kafa Jihar Sakkwato, lokacin da arzikin man fetur ya sa kowane ofis yana ƙamshin sabon fenti. Dawuda malamin firamare ne, ya je ofishin ƙaramar hukuma a Tambuwal karɓar takardar canjin wurin aiki. Ya tarar da wani siririn saurayi a bayan tafireta, yana bugawa da yatsu goma ba ya ko duban hannunsa. Da takardar ta fito Dawuda ya miƙa hannu, saurayin ya hana shi. Ya ɗaga ta ga hasken taga, ya ga layi guda bai fito sosai ba, ya yaga ta ya sa wata.

"Haba akawu, mota za ta bar ni!" in ji Dawuda.

"In ta bar ka wata na nan tafe, Ticha. Takarda in ta fita da aibi, har ka mutu tana nan da aibinta."

Mota kuwa ta bar shi. A gidan Ɗan'iya ya ci tuwo ran nan, abota ta ƙullu.

Shekara talatin Ɗan'iya ya yi a wannan kujera. Da aka kawo kwamfuta, tsofaffin akawuna suka riƙa kewaye ta kamar ramin maciji, shi kuwa ya zauna ya koya. Da ya yi ritaya sai ya koma ƙauyensu na bakin gulbi a ƙasar Kebbe, da tsohuwar kwamfuta, da ɗan janareta, da kyamara. Mutane suka zaci shagon hoto zai buɗe. Ashe wani aiki ne a ransa. A gidajen malamai na wannan yanki akwai littattafai rubutun hannun kakanni, suna kwance cikin gafaka, gara na ci, damina na ci. Sai ya hau babur ya riƙa bin gidajen nan, tun daga Jabo har Fakku, yana roƙon a ara masa littafi kwana uku. Ya yi alwala, ya ɗauki hoton kowane shafi, ya zuba a kwamfuta, ya mayar da littafi ranar da ya faɗa. Gida goma sha ɗaya suka yarda da shi. Shafi dubu huɗu da ɗari biyu ya tara, wasunsu babu irinsu ko'ina a duniya sai a gidan da ya aro su.

Wata rana ya tambayi mai gyaran kwamfuta a Tambuwal: "In an kashe ta, ina rubutun ke kwana?" Mai gyara ya kwance akwatin, ya nuna masa wani ɗan ƙarfe mai faɗin tafin hannu, ya ce nan ne rumbunta, kuma ruwa ne ajalinsa. Ɗan'iya ya sa aka koya masa cire shi. Ya sayi sukuddireba ya ɗaure da zare a jikin tebur. Kowane farkon wata sai ya cire ƙarfen ya mayar, don hannu ya saba. Matarsa Yelwa kuma ya sa ta ajiye masa ƙwarya biyu masu baki ɗaya, da auduga, da leda, da curin kakin zuma, a cikin shigifa, ɗakinsu na soro. Duk wannan Dawuda bai sani ba.

A watan Satumba na 2010 Dawuda ya je masa ziyara. Kwana huɗu ana ruwa. Ranar Alhamis da hantsi suna zaure suna shan fura, sai suka ji ihu daga gabas: gulbi ya ɓalle ya shiga gonaki. Kafin su saka takalma ruwa ya kai bakin masallaci. Mai gari ya aiko cewa kowa ya fita, akwai jiragen kwalekwale biyu za su kwashe mutane zuwa tudu.

Dawuda ya san abin da ke cikin na'urar nan, ya san shekara uku abokinsa ya yi yana tarawa. Sai ya ruga ɗaki, ya fizge wayoyi, ya rungumi gilashin kwamfutar, mai nauyi kamar buhun gero, ya ɗora a ka. A ganinsa nan rubutun yake, tun da a nan ya saba ganinsa. Ya juyo zai fito tsakar gida yana haki, ruwa a idon sawu, ya ga Ɗan'iya ya durƙusa kan akwatin kwamfutar a tebur da sukuddireba, natse kamar mai gyaran agogo. Yelwa ta ɗora kasko a kan gawayin da ya rage a murhu tana narka kaki.

"Ɗan'iya, ka haukace? Ga ta nan na ɗauko, mu tafi!"

Ɗan'iya bai ɗago ba. "Mi ka ɗauko, Ticha?"

"Littattafan mana!"

"Taga ka ɗauko, ka bar ɗaki. Duk bokon naka! Aje ta ka riƙe mini fitila, ƙusa guda ta maƙale."

Dawuda bai ajiye ba, don bai yarda ba. Da gilashi a ka, hannu guda yana tallafe, ya riƙe tocila da ɗayan. Ƙusa ta fita. Ɗan'iya ya zaro ɗan ƙarfen, ya naɗe da leda sau uku, ya kwantar da shi cikin auduga a ƙwarya, ya kife ɗayar a kai. Yelwa ta bi bakinsu da kaki mai zafi tana shafawa da bayan ludayi, ruwa ya riga ya kashe mata wuta. Daga ƙofar gida mai jirgi, wani ƙato da ake kira Ɗangiwa, yana ta tsawa.

"Baba, in ba ku fito ba wallahi tafiya nika yi! Gina na faɗuwa!"

"Malam, takardun fansho," in ji Yelwa. "Suna cikin akwati, ƙarƙashin gado."

Ɗan'iya ya dubi ƙofar ɗakin kwana, ruwa ya kai gwiwa a ciki. Ya dubi kakin, wanda bai gama daskarewa ba. "Gwamnati na da nata kwafi," ya ce. "Waɗanga ba su da kowa." Ya ɗauki biro mai kauri ya yi rubutu a bayan ƙwaryar, da boko da ajami, sannan ya ɗaure ta da rawaninsa ya rataya a wuya.

A bakin jirgi Ɗangiwa ya dubi Dawuda sama da ƙasa. "Baba, ko kai ko talabijin ɗinka. Mutum ashirin nika ɗauka, ban da kaya."

"Sake ta, Ticha," in ji Ɗan'iya. "Na rantse maka babu ko harafi guda cikinta."

Dawuda ya saki. Gilashi ya yi tsundum ya ɓace.

Tsallakawar ta ɗauki kusan awa guda. Inda jiya gonar dawa take, yau ruwa ne ja yana tafe da rumbuna da gawar tumaki. A tsakiya jirgi ya bugi reshen wata bishiya da ta nutse, ya karkata, ruwa ya kwararo ciki. Mata suka sa salati. Wata tsohuwa ta cafki ƙwaryar wuyan Ɗan'iya tana cewa ya fasa ta a kwashe ruwa. Ya cire hularsa ya ba ta, ya cire takalmansa ya ba Dawuda guda, suka yi ta kwarfa. A nan idon Dawuda ya faɗa kan rubutun bayan ƙwaryar: Wanda ya tsinci wannan, don Allah ya kai wa Malam Dawuda a Tambuwal. Kada a fasa.

"Mene ne wannan kuma?" ya tambaya.

"Ni ban iya ruwa ba," in ji Ɗan'iya yana kwarfa. "Ita ta iya."

Shekara talatin da uku Dawuda yana yi wa mutumin nan dariyar tsanani a kan takarda, sai yau ya gane har nutsewarsa ya yi wa tanadi.

Suka kai tudu lafiya. Bayan mako guda, a shagon mai gyara a Tambuwal, aka yanka kaki da wuƙa. Auduga a bushe. Aka haɗa ƙarfen da wata kwamfuta, ta yi gurnani, ta yi shiru, har Dawuda ya rufe ido. Da ya buɗe sai ga bisimilla da jar tawada, rubutun wani malami da ya rasu tun kafin zuwan Turawa.

Gidan Ɗan'iya ya rushe. Fanshonsa sai da ya yi wata tara yana zarya kafin ya daidaita. Cikin gidaje goma sha ɗaya kuwa, guda ruwa ya ci har da littafinsu: gidan wata dattijuwa, Ummulkulsum, wadda ta ara masa littafin fiƙihu na kakanta. Dawuda ya ce a buga mata hotunan a takarda, aikin yini guda ne. Ɗan'iya ya ce ba hoto ta ara masa ba.

A ɗakin baƙi na gidan Dawuda, Ɗan'iya ya zauna gaban kwamfutar aro, ya feƙe alƙalamin kara, ya dafa tawada, ya riƙa kwafa shafi bayan shafi, har da ƙananan bayanan da kakan ya yi a gefe. Wata biyar ya yi, idonsa na hawaye. Ya sa badukun kasuwa ya ɗinka sabuwar gafaka. Ran wata Laraba ya hau babur zuwa inda Ummulkulsum ta yi ƙaura, ya yi sallama, ya miƙa gafakar ta bayan labule.

"Inna, ga aronku. Ku yi haƙuri, wannan karon na wuce kwana uku."

Kafin ta gama kwance igiyar ya riga ya tayar da babur.