Walkin Maigidana a Bangon Agiye

Ni ban yi lakol ba, ban san boko ba, faɗa nake ana rubutawa. Wanda ya ga karkata, ya tuhumi alƙalami.

A zamaninmu, in an gama ɗaurin hatsi, ganga ce ke kiran gari zuwa fagen kokowa. Hoto sai ɗai-ɗai, rediyo babu. Wanda ya yi kaye, makaɗa ke riƙe sunansa. To makaɗan suka yi ta mutuwa, samari kuma suka koma kallon ƙwallo a waya. Shi ne manyan Agiye suka ware ɗaki guda kusa da buro, wato ofishin magajin gari, suka ce za a rataye hoton kowane tsohon gwani na yankin, daga Gazawa har Gidan Rumji, don yaro ya shiga ya ga kakansa ma ya taɓa tsayawa a fage.

Maigidana, Allah ya jiƙansa, gwani ne a Cadawa. Amma bai yarda an ɗauke shi hoto ba, wai na'urar tana shan ƙarfin mutum. Abin da ya bari walkinsa ne na fata, wanda na daɗe ina rufe bakin tulu da shi. Na kakkaɓe shi, na shafa masa man gyaɗa, na hau mota ranar kasuwa.

Na tarar da dattawa zaune, da wani ma'aikaci mai tabarau. Ya karɓe ni da ladabi, ya ce walki ma ya isa, amma kafin a rataye ƙa'idarsu ɗaya ce: sai wanda ya ga kokowar mutum da idonsa ya tsaya gaban jama'a, ya faɗi sunansa da bakinsa. Ƴaƴana ba su gani ba, ba a haife su ba. Ni na gani. Amma macen da ta san kanta ba ta kama sunan mijinta. Ban kama shi a ɗaki ba yana raye, ba zan kama shi gaban maza ba yana kabari.

Ma'aikacin ya ce ko raɗa masa in yi a kunne. Na tambaye shi ko uwarsa tana raɗa wa baƙi sunan ubansa. Ya cire tabarau ya hau gogewa.

Saura mutum guda a duniya da ya gani, kuma yana zaune nan kan kujera: wani Alhaji na Sae Sabuwa, abokin karawar maigidana. An riga an rataye hotonsa, ƙirji a buɗe kamar ƙofar rumbu. Na gaishe shi, na roƙe shi ya shaida. Ya yi ta jan carbi yana duban rufi. Ya ce tsufa ya zo, gwanayen Cadawa sun ɓace masa, in ma an taɓa yin su. Dattawa suka fara maganar sallar azahar.

Na naɗe walkina kamar mai tafiya. Da na kai bakin ƙofa sai na juyo, na ce wa ma'aikacin ba komai, Allah ya ba Alhaji lafiya, ai dole ya manta. Na ce tun ranar da wani ɗan siririn mai tallar ƙuli daga Gazawa ya buga shi da ƙasa, kansa bai koma daidai ba. Na ce ina wurin, yaron ko farantinsa bai ajiye ba.

Babu wani mai ƙuli. A bakin ƙofar nan na haife shi.

Dattawa suka fara rufe baki da hannun riga. Wani ya tambayi Alhaji ko ƙulin ya zube. Alhaji ya miƙe ba sanda, mutumin da aka shigo da shi a riƙe.

"Tsohuwar nan, ki ji tsoron Allah. Mai ƙuli? Ni? Bayana bai taɓa sanin ƙasa ba sai a hannun mutum guda."

Na ce, "Wane ne, Alhaji? Ni ma tsufa ya zo."

Sai ya faɗa. Ya faɗi sunan, ya haɗa da na ubansa, da unguwarsu a Cadawa, da taken da makaɗa ke yi masa. Ya nuna yadda aka ɗaga shi ta ƙugu, har hularsa ta faɗi. Ya ce wanda zaki ya kayar bai ji kunya ba, amma kada a sake haɗa shi da mai talla.

Rabona da jin sunan nan da ƙarfi cikin taro tun ranar jana'iza. Na ja mayafi na rufe fuska. Suka zaci kunya ce, na bar su a haka.

An buga ƙusa, an rataye walkin. Alhaji ya dage kada a sa shi sama da hotonsa. Ma'aikacin ya sa su kafaɗa da kafaɗa, amma fata tana da igiya, kuma ni na ɗaura igiyar. Na taƙaita ta kaɗan, walkin ya ɗan ɗara hoton.

Tulun nawa da faifai nake rufe shi yanzu.