Allurar da Na Cire Wa Yayata

Ni dillalin albasa ne. Idan ka zo Konni kana neman wanda zai loda maka mota ba tare da an cusa maka ruɓaɓɓiya a tsakiyar buhu ba, ana iya nuna maka ni. Sunana ba zai amfane ku da komai ba. Abin da nake so samari su ji shi ne yadda wasan hannu ya kai ni gidan kaso.

Mahaifiyarmu ta rasu ina ƙarami, yayata Hajo ce ta goya ni. Da aka aurar da ita a wani ƙauye kusa da Illela, ta ɓangarenmu na iyaka, da ni ta tare. Mijinta Sahabi manomin gero ne, mutum mai haƙuri, maganarsa ba ta da yawa. Ita kuwa Yaya akwai baki, akwai dariya, kuma don in ji dariyar nan na fara wasan hannu. Sai in ɗauki goronta in dunƙule, in hura, in buɗe hannu babu komai, sannan in ciro shi daga ɗankwalinta. Ta kai mini duka tana cewa, "Auta, kai dai ɓarawon goro za ka zama."

Da na tasa, na tafi yankin Malbaza dakon albasa. Aikin akwai jira, wani lokaci a wuni a gindin buhuna mota ba ta zo ba. A nan na ƙware. Ina da hankici da na ɓoye tsinken ashana a bakin ɗinkinsa. Mutum ya ba ni nasa tsinken, in naɗe, ya karya da hannunsa ya ji ƙas. Nawa ya karya, nasa na nan lafiya. Direba kuma in kalli takalminsa, in saurari harshensa, in faɗa masa garin da ya fito, in ƙara da cewa ya baro mara lafiya a gida, ransa na can. Wa ya taɓa barin gida bai baro mara lafiya ba?

Wanda ya fi ba su mamaki shi ne na albasa uku. In aje su, in ce na san wadda mutum zai zaɓa. Sai in ce ya taɓa biyu. Idan tawa ba ta ciki, in ce ya kawar da su, saura tawa. Idan tana ciki, in ce ya miƙo mini ɗaya. Ya miƙo tawa, in ce ita ce ya zaɓa. Ya riƙe ta, in ce wadda ya riƙe ita ce ta zuciyarsa. Ko ta ina ya bi, wurina zai ɓullo. A yi shewa, a saya mini shayi. Har nan ban cuci kowa ba.

Wata rana wani Alhaji mai sayen kaya daga ƙetaren iyaka ya ja ni bayan mota, ya rage murya. Ya ce ƙafarsa ta hana shi sakat, an ce masa jifa ce, in taimaka. Na ce masa abin nawa wasa ne. Ya ce masu abin na gaske duk haka suke cewa. Ya cusa mini naira a aljihu, abin da dako ba ya ba ni. Hannuna ya kai aljihun da niyyar mayarwa, ya ji kaurin abin, ya fito shi kaɗai.

Dabarar da na yi masa ita ta zama sana'ata. In jiƙa allura a ruwan gishiri ta yi tsatsa, in naɗe ta da baƙin zare, in tura ta cikin albasa ta wuya, inda busasshen ganye ke rufe hudar. In sa mutum ya zaɓa cikin uku, in goga masa a inda ke ciwo, in ba shi wuƙa ya yanka da kansa. Ni ba na taɓa wuƙar. Duk wanda ya ga allura ta fito daga albasar da ya zaɓa ya yanka, ba ka da sauran aiki a kansa.

Na kama ɗaki a Konni, na sayi farar riga da turare. Ƴan kabu-kabu biyu ke kawo mini mutane, su raɗa mini abin da suka ji a hanya, ni kuma in faɗa kamar daga sama aka sauko mini da shi. Wasu sun warke, don ciwo da yawa da kansa yake tafiya, su ne suka yaɗa sunana. Waɗanda ba su warke ba, ban taɓa tambayar inda suka ƙare ba. Na riƙa aika wa Yaya atamfa da sukari. Ta cika ƙauye da labarin ƙanenta mai baiwa.

Sai cikinta ya fara kumbura. Sahabi ya kai ta asibiti, likita ya ce ƙari ne, sai an yi mata aiki. Ta ce atafau. Ƙanenta na cire wa mutanen duniya ciwo da albasa, ita za a kwantar a yanka? Ta aiko in zo.

Na je da niyyar lallashinta. Na tarar da ita a tabarma, mata sun kewaye ta, ta kama hannuna ta ɗora a goshinta. Idan na ce ba zan iya ba, dole in faɗi dalili. Na ce wa kaina bari in kwantar mata da hankali, daga baya a yi maganar asibiti. Na fito da albasa. Ta zaɓa, ta yanka, ta ga allura, mata suka rangaɗa guɗa. Ta ƙulle allurar a bakin zanenta. Daga ranar maganar asibiti ta mutu. Matar da ta tauna abinci ta sa mini a baki, ita na yi wa haka, na ci tuwonta na koma Konni.

Damina ta wuce. Wata safiya sai ga Sahabi a ƙofar ɗakina, ya rame. Ya ce Hajo ba ta iya sunkuyawa, ko sallah a zaune take yi, ta ce wai akwai sauran allura, in zo in ƙarasa. A cikin mota na faɗa masa komai. Yana kallon gonaki ya ce, "Ba ni za ka hwaɗa ma wa ba."

Mun isa da hantsi. An shimfiɗa mata a gindin dogon yaro, fuskarta ta zabge, cikin ya yi gaba. Maƙwabta sun ji ƙanen Hajo mai baiwa ya zo, sun cika gidan. Na ce a ba mu wuri. Ta ce babu inda za su, su tsaya su ga aikin ƙanenta. Na san idan na buɗe baki a gaban matan nan, sana'ata ta ƙare, wataƙila har da ni. Na dubi cikin nan, na durƙusa.

"Yaya, babu abin da na cire maki. Ni na sa allurar."

"Ku ji shi! Mi kake hwaɗi, Auta? Ko don ba ni da abin biya?"

"Wallahi dabara ce. Kowa na iya yi."

"Kowa? To ba Sahabi ya yi. Mutumin da ko zare bai iya zurawa."

Mata suka kwashe da dariya. Na miƙa wa Sahabi albasa da allura, na nuna masa wuyan. Da manyan yatsunsa na noma ya soki kansa, ya tsotse jinin, ya sake, har ta shige. Ya yanka, ga allura. Yaya ta taɓe baki.

"Mota guda kunka taho. Ka tofa mashi a hanya."

"To ki yi da hannunki."

Ta sa aka ɗauko albasa daga madafarta, da allura daga gwangwanin ɗinkinta, don kada in ce komai. Tana turawa tana zagina da wasa, wai tun ina yaro ba ni da aiki sai raina mata wayo. Ta yanka. Allurarta ta faɗo a kan zane.

Dariya ta ɗauke a gidan. Ta kwance bakin zanenta a hankali, ta fito da tsohuwar allurar nan mai tsatsa, ta aje kusa da sabuwar.

"Wagga hwa?"

"Ruwan gishiri ne, Yaya."

Ta kira ni da sunana na yanka, abin da ban taɓa ji a bakinta ba. Ta juya ta ce, "Sahabi, nemo mota."

A cikin matan akwai wadda ta taɓa kawo mini mahaifinta Konni da ciwon ƙirji. Na ga ta ɗauki takalminta ta fita. Sahabi ma ya gani. Ya ce mini iyaka ba nisa, in ina so in tafi, shi bai ga komai ba. Na ce sai na ga an shiga da Yaya ɗakin aiki da idona, don na san ta, tana iya sake shawara a bakin ƙofa.

A barandar asibiti jandarma suka same ni. Na roƙe su su bari a fito da ita. Babbansu ya dube ni, ya zauna kusa da ni a benci. Tare muka jira har aka turo ta tana numfashi, sannan na miƙa hannu.

A gaban alƙali ban musa komai ba. Matar nan ta ce mahaifinta ya sayar da awakinsa ya ba ni, ya ƙi asibiti, ya rasu yana sa mini albarka. Ɗaurin da aka yanke mini bai kai wannan maganar nauyi ba. Kakar albasa biyu ta wuce ni a ciki.

Ban sa ran ganin Yaya ba. Sai ga ta ranar ziyara, ta dafa kafaɗar Sahabi, cikin ya sace, da kwano a hannu. Ta zauna ta ƙare mini kallo.

"Sun ciro abu kamar kabewa. Na ce ma lokotoro ya duba ko da allura ciki, ya ce babu. Ya ce da na ƙara jinkiri, sai dai ku amshi gaisuwa."

Na sunkuyar da kai ina kuka. Ta turo mini kwanon da ƙafa.

"Ban yahe maka ba tukuna. Ci tuwo, ka rame kamar kazar mayu."

Da na fito, dako na koma. Babu mai yarda da ni, don haka duk buhun da na haɗa sai in zazzage shi a gaban mai saye ya ga har ƙasa. Da haka na samu masu saye, da haka na zama dillali. Na bi waɗanda na iya tunawa na nemi gafara. Wasu sun yafe, wasu sun zage ni, kuma suna da gaskiya. Matar nan ta rufe mini ƙofa, har yau ba ta buɗe ba. Ina roƙon Allah Ya yafe mini hakkin mahaifinta, ban sani ba ko zan samu. Yaya kuwa ta yafe mini ranar sunan jikarta, tana tsakiyar neman takalminta, kamar wani abu da ta manta ta tuna.

Ƴan'uwana samari, ina ganinku kuna koyon irin wasannin nan a waya kuna ba abokai mamaki. Ku yi, wasa ne mai daɗi, ni ma har gobe ina yi wa jikokin Yaya. Amma ku riƙa kallon fuskar mai kallonku. Muddin yana dariya, kuna kan hanya. Ranar da wani ya daina dariya, ya ja ka gefe, ya rage murya ya ce yana da mara lafiya, to a nan take ka buɗe hannunka ka nuna masa inda ka ɓoye abin, ka nuna masa hanyar asibiti. Kada ka ce sau ɗaya ne. Wanda ya yarda da kai zai faɗa wa wani, wani ya faɗa wa wani, har maganar ta isa gidanku. Mutanen gidanku kuwa sun fi kowa yarda da kai.