Wanda Ya Kira Auta

Baba Mai Agogo ya fi shekara talatin yana gyaran agogo a wata 'yar rumfa kusa da tasha. Mutum ne mai ƙarancin magana, amma a gidansa yana da doka guda: idan ya kira ɗaya daga cikin 'ya'yansa a waya, a ɗauka nan take. Wanda ya bari ta katse, sai ya kwana biyu yana gaisuwa ba a amsa masa ba.

Yanzu duk Asabar yakan rufe rumfa da hantsi, ya tafi makarantar koyon tuƙi. Ɗaki ne mai benci biyar, da allo mai zanen shataletale, da tsohon sitiyari ɗaure a jikin tebur. Malamin tuƙi kan ba shi minti goma ya yi wa matasa magana.

Labari ɗaya yake bayarwa. 'Yarsa Auta, wata uku da samun lasisi, tana tuƙa motar yayanta, sai waya ta yi ƙara a cikin jaka. Ta sunkuya nema. Da ta ɗago, wani mai kai burodi a keke yana kwance a kwalta. Yau da sanda yake tafiya. Auta kuwa shekara biyu ke nan ko gaban mota ba ta zama.

"Wani ne ya kira ta," haka Baba yake cewa, ya wuce wurin da sauri.

Wata Asabar ya manta maganinsa a gida, Auta ta biyo shi da shi. Ta tsaya a bakin ƙofa tana jira ya gama.

Wani dogon saurayi ya ɗaga hannu daga bencin baya. "Baba, ai saurayinta ne! Mata da waya, sai Allah."

"Ji mai magana," in ji wata budurwa. "Kai da ke ɗaukar hoton kanka kana ribas?"

Aka kwashe da dariya.

Saurayin ya ce, "Ni dai gaskiya na faɗa. Ita ta ga dama ta nema, ai ba dole aka yi mata ba."

Sai a lokacin Baba ya hango Auta. Ta sunkuyar da kai, irin sunkuyawar da ta yi a gaban 'yan sanda, da a asibiti, da ranar da dangi suka taru a kanta. Ko sau ɗaya ba ta ambaci sunan wanda ya kira ta ba.

Ya daɗe yana murza gefen hularsa.

"Ɗana, dole aka yi mata," ya ce. "Ni ne. Kiran farko ta bari ya katse, don tana da hankali. Na sake kira. Na kuma sakewa."

Dogon saurayin ya sauke hannunsa.

"Lafiya dai, Baba?" budurwar ta tambaya a hankali. "Me ya faru a gida a ranar?"

"Tabarauna nake nema."

Ya ce su koma gida su faɗa wa iyayensu abin da suka ji, su ma suna bukata. Minti goman bai cika ba ya fito.

Auta ta miƙa masa maganin da robar ruwa. Ya karɓa, bai sha ba.

"Mai burodin nan," ya ce, idonsa a ƙasa, "ban taɓa zuwa gaishe shi ba. Ko za a samu wanda ya san gidan?"

"Na sani, Baba," ta ce. "Duk wata nake zuwa."