Gawayin da Bai Kwana Ba

Mahaifina ya yi lebura a tashar jirgin ƙasa ta Funtuwa a zamanin da jirgi ke cin kwal. Daga Inugu ake kawo shi cikin taragai, su sauke da shebur, su tara a gefen dogo don jiragen da za su wuce Gusau da Ƙauran Namoda. Ya ce wani tsohon direban jirgi ya taɓa ba su labarin cewa a ƙasar Turawa, kafin a shimfiɗa dogo, hanyar ruwa suka haƙa, doki na tafe a gaɓa yana jan kwalekwale cike da kwal. Sun yi ta dariya. Abin da bai taɓa yi wa dariya ba shi ne tulin kwal in ya yi tsawo, don da kansa yake ɗaukar zafi daga ciki. Har ya rasu yana tari baƙi.

Ni ban ga kwal ba sai a tafin hannunsa. Gawayi na gada a madadinsa. Da buhu a bayan keke na fara, ina kai wa maƙera da masu gasa masara, har na kai ga cika mota daga ƙauyukan Faskari da Sabuwa ina saukewa a Ƙanƙara.

Sana'ar tana da ƙa'ida ɗaya da kowa ya sani. In an tone ramin da aka binne itace ya ƙone, ana baza gawayin a ƙasa ya sha iska, ya kwana, kafin a zuba a buhu. Ƙirya musamman, wadda maƙera suka fi so, tana riƙe wuta a cikinta alhali bayanta ya yi sanyi. Da ɓarayin daji suka mamaye yankin, masu ƙona gawayi suka daina kwana a bakin rami. Mutum zai shiga da safe yana waige, ya tone, ya watsa ɗan ruwan da ya samu, ya ɗura a buhu ya gudo. Ba na ganin laifinsu. Na san wanda ya tsaya jiran gawayinsa ya huce, har yau ba a ga ko takalminsa ba.

Direban da ke ɗaukar mini kaya sa'ana ne, tare muka yi wasan ƙasa. Gonarsa tana bakin daji, noma ya gagara, sai ya sayar da ita da sauran shanun da ba a kora ba, ya sayi tsohuwar mota mai bodin katako. Ita ce gonarsa, ita ce garkensa. Yana shafa mata baki kamar doki.

Ran nan mun yi lodi a wani ƙauye bayan Tafoki, rana ta take. Na cusa hannu cikin buhunan da na iya, na ji sanyi. Masu lodi kuwa jifa kawai suke yi, idonsu na kan hanyar daji.

"Alhaji, ka gama lalubar ko sai mun yi baƙi?" in ji direban.

"Bari in duba na ƙasan nan."

"Duba mi? Kai da ba ka yarda da kowa ba, ko uwar 'ya'yanka ta ba ka fura sai ka sa yatsa. Hau mu tahi."

Na hau. Muka ja tampol muka ɗaure.

Akwai wani yanki a hanyar da ba a tsayawa. Ko taya ta fashe, a kan ƙarfe ake ƙarasawa. Gonaki ne a dama da hagu da ba wanda ya shuka, ciyawa ta fi mutum tsawo. Muna cikin wurin ne na ji warin. Mai gawayi ba ya ɓata warin nan. Na leƙa ta taga, na ga hayaƙi siriri yana fita ta ƙarƙashin tampol.

"Malam, akwai wuta a bayanmu."

Ya dubi madubi, ya mai da ido kan hanya.

"In ka tsaya yanzu, mu biyu za mu iya jefar da buhunan sama mu kai gare ta. Gudun nan da kake yi fifita ta kake."

"Na sani."

"To?"

Ya nuna da haɓa. Can gaba, a inda ciyawa ta kwanta, sawun babura ne sababbi sun ƙetara hanya, da yawa. Ban ƙara cewa ya tsaya ba. Shi ma bai ɗaga ƙafa daga totur ba. Kowannenmu ya san abin da aka zaɓa, motarsa ce za ta biya.

Hayaƙin ya yi kauri, ya koma baƙi da tampol ya kama. Zafi ya fara ratso ƙarfen da ke bayan kujera. Yana tuƙi yana salati, can kuma sai ya koma yi wa motar magana. "Yi haƙuri, 'yar gari. Kaɗan ya rage. Kai mu ga mutane."

Ta kai mu. Amma da muka shigo ƙauyen farko, harshen wuta ya riga ya fi bodin tsawo. Mutane suka fito suna ɗaga hannu, ba don mu tsaya ba. Wani dattijo yana ihu: "Ku wuce! Ku wuce da ita, rumbunanmu!" Gaskiyarsa. Direban ya karya sitiyari ya nufi filin idi, ya tsayar da ita a tsakiya inda ba zana ba danni, sannan muka diro.

An kawo ruwa a jarkoki da bokitai. Ruwan rijiya ɗaya ba ya kashe mota guda ta ƙirya. Tayoyi suka fashe ɗaya bayan ɗaya. Wutar itace takan ci ta mutu, ta gawayi kuwa zama take yi. Washegari da hantsi tulin yana nan jawur, ƙarfen motar ya lanƙwashe a kansa.

Ni na yi asarar kaya, kuma kaya ana sake tarawa. Kafin damina na koma lodi. Shi bai sake mallakar ko baro ba. Yanzu yana tashar Ƙanƙara yana kamasho, yana kira wa motocin wasu fasinja. In ina neman mota, shi ke samo mini direba, ya tsaya a yi ciniki, ya gaya wa direban inda ramuka suke da inda ba a tsayawa. Na sha ce masa ya hau mu je tare, ko don ya ga hanya. Sai ya ce rana ta yi, akwai motar Katsina da ba ta cika ba.