Yaya Mai Zare da Injin Mai Haƙora Tara

Duk layin teloli Yaya Mai Zare ake ce mata, har waɗanda suka girme ta. Tun tana budurwa take ɗinkin ado da hannu: fure a bakin zanin gado, suna a aljihun rigar ma'aikaci, bajen 'yan makaranta. Da allurar nan ta riƙe gida bayan rasuwar maigidanta. Ga ta da tsokana. In ka kawo mata yadi marar kauri sai ta ɗaga shi ta leƙe ka ta cikinsa, ta ce, "Riga za a yi ko rariya?"

Wata safiya allura ta suɓuce mata, ta sunkuya za ta ɗauka, hannu ya ƙi. Hawan jini ne ya taɓa ɓarinta na dama. Ƙafa ta dawo a hankali, magana ma ta dawo, amma yatsu suka naɗe suka ƙi buɗewa. Ta rufe shago ta koma ɗaki. Tsokanar ma ta ɗauke kamar ruwan sama.

Tana da ƙane mai gyaran rediyo, wanda duk da furfurarsa Auta take kiransa. Shi ya samo tsohon injin ɗinkin ado a gwanjon wani kamfani da ya rufe. Injin lafiyarsa ƙalau, sai dai ba ya motsi sai an aiko masa da zane daga kwamfuta, ita kuwa tasa ta daɗe da mutuwa. A bayansa akwai mahaɗar waya mai haƙora tara. Auta ya binciko wata 'yar kwamfuta da ba ta wuce tafin hannu ba, mai tsinken roba da ake zane da shi a kan gilashinta. Ya sa mata manhaja, ya haɗa ta da injin da kebul, sannan ya je ya lallaɓo yayarsa.

Ya danna, injin ko gezau.

"Kurma ka sayo mini?" ta ce. Ita ce wasa ta farko da ya ji a bakinta tun kwanciyarta.

Ya kwance kan kebul ɗin ya duba. "Ba kurma ba ne, Yaya. Baki na haɗa da baki. Wayar da wannan ke magana da ita dole ta faɗa kunnen wancan." Ya sauya wayoyi biyu ya liƙe su da dalma. Wannan karon injin ya zabura ya yi ta caccakar yadi ba kai ba gindi, har zare ya cukurkuɗe.

"Yanzu kuma ya haukace."

"Tana yi masa magana da sauri ne, shi kuwa tsoho ne." Ya rage saurin aikawa, ya sake dannawa. Allura ta sauka a natse, ta zagaya, sai ga ɗan ganye kore a kan farin ƙyalle. Yaya ta shafa shi da bayan hannunta mai ciwo.

Koyon zane da hagu ya ba ta wuya. Takan danne 'yar kwamfutar da naɗaɗɗen hannun, ta ja layi da tsinke, ya karkace, ta goge. Furenta na farko Auta ya ce kaza ce aka take. Amma idon da ya san inda allura za ta shiga bai shanye ba. Sannu a hankali ta tara zane-zanenta a ciki, shago ya sake cika, injin na ta sukuwa tana zaune gefe da kebul a cinya tana yi wa masu wucewa ba'a.

Sai 'yarta ta haihu a wani gari, Yaya ta tafi can ta jima. Da ta dawo ta buɗe aljihun tebur, ta ɗauko 'yar kwamfutar ta kunna, gilashi ya ƙi haske. Aka sa sabon batir, ya kawo, amma wayam. Irin wannan na'ura in batirinta ya mutu murus, duk abin da ke cikinta ya tafi.

Auta ya tsaya yana murza hula. "Laifina ne, Yaya, ban gaya miki ba."

"Sau biyu ke nan ana ƙwace mini hannu," ta ce, ta ja mayafi ta rufe fuska.

Labari ya zaga layi. Kashegari matar mai shagon maɓallai ta shigo da tsohuwar rigar matashin kai da Yaya ta ɗinka mata da hannu tun da daɗewa, ta shimfiɗa a tebur. "Ga furenki nan, duba ki kwafa." Bayanta wani malamin makaranta ya kawo baje, wata ma'aikaciyar jinya ta kawo rigar da ta yi mata kaɗan. Kafin mako ya fita, tebur ya cika da ayyukanta, har da waɗanda ita kanta ta manta ta yi.

Ta ɗaga wani zanin gado da ya koɗe ta ƙura masa ido. "Wa ya yi wannan reshen a karkace haka?"

"Ke mana," in ji mai shi.

"To, a rufa mini asiri."

Ta ɗauki tsinke ta fara daga shi, ta miƙar da reshen. Yanzu duk ƙarshen mako Auta kan zo ya kwashe zanen zuwa kwamfutar shagonsa don ajiya, ita kuma ba ta barinsa ya tafi sai ya zura mata zare a alluran injin, tana yi masa faɗan ya cika nawa.