Magaryar da Inna ta Shuka a Nakkasa

A saman dutsen Nakkasa, a Makka, inda gidanmu yake kafin rusau, akwai wata magarya a bakin ƙofarmu. In kana hawowa da buhun shinkafa a ka, ita za ka fara hangowa, sai ka san ka kusa sauke kaya. Larabawa suna ce mata sidra. Mu kuwa magaryar Inna muke cewa, amma sai a cikin ɗaki, da murya ƙasa-ƙasa.

Ɓoyon yana da dalili. A ƙasar Harami, wato Makka da kewayenta, bishiyar da ta tsiro da kanta ba a sare ta, ba a tumɓuke ta, ko ganyenta ba a tsinka sai wanda ya faɗo. Wadda mutum ya shuka da hannunsa kuwa tasa ce. Inna, mahaifiyarmu, ta zo Makka tana amarya daga wani ƙauye na ƙasar Sakkwato, da 'ya'yan magarya a ƙullin zanenta. Ta tsotse ɗaya, ta cusa ƙwallon a tsagin dutse, ta riƙa ba shi ruwan alwalarta a zamanin da sai an sayo ruwa daga gindin dutse. Waɗanda suka tare a unguwar daga baya suka tarar da bishiya a tsagin dutse, suka ce ikon Allah. Inna ta bar su a haka. Wani maƙwabcinmu ya taɓa ɗauko gatari zai rage reshe don ya ƙara ɗaki, limamin unguwa ya yi masa wa'azi har sai da gatarin ya yi masa nauyi. Inna tana zaune tana tsince wake, ko kai ba ta ɗaga ba. Da na yi mata tsiya daga baya, cewa ta yi ita ba ta yi wa kowa ƙarya ba, ba a dai tambaye ta ba.

Kullum da safe takan share ganyen da ya zubo, ta shanya, ta adana. Duk gidan da aka yi rasuwa, a wurinta ake karɓar ganyen magaryar wankan gawa. Nata wankan kuwa ta riga ta tsara shi, ta faɗa mana ni da ƙanena, autanta, har muka haddace. Ba ta son busasshe. Ɗanye take so, daga jikin bishiyarta.

“Ran nan kaɗai za ku tsinka da hannu, kowa na kallo,” in ji ta. “In an tambaye ku, ku ce ni na shuka.”

Da rusau ya iso, aka shafa wa katangunmu jan fenti, muka koma wani ɗan gidan haya a bene a unguwar Utaibiyya. Ranar rabuwa Inna ta rabar wa maƙwabta duk busasshen ganyen da ta tara, ta ce ita ai uwar ganyen tana nan tsaye. Kuma ta tsaya ɗin. Motocin rusau suka cinye gidaje hagu da dama, suka kewaye magarya, don babu direban da ya yarda ya ɗauki alhakin bishiyar Harami. Duk Juma'a nakan hau da jarkar ruwa in shayar da ita, in dawo in ba Inna labari, ta yi ta dariya tana jin daɗin dabararta.

Wata Juma'a, ana saura kaɗan azumi, na hau na tarar da rami. Ko ganye ɗaya ba a bari ba, an kwashe rassan tare da ɓaraguzai. Na daɗe a tsaye da jarka a hannu kamar wadda aka aika ta manta saƙo.

Ban sha wahalar gano mai aikin ba, don a gidanmu yake cin tuwo. Ƙanena yana aiki a wani kamfani mai dasa itatuwa da ƙawata filaye, kuma mai kamfanin shi ne kafilinsa, wato a hannunsa takardar zamansa take. Sun samu aikin ƙawata wani babban fili a gaban wata kasuwar zamani a Riyad, inda ake so a kafa tsohuwar bishiya a tsakiya, a lulluɓe ta da fitilu don azumi da Sallah, kuma an fi son a ce daga Makka ta fito. Suka bi unguwannin da aka rushe suna dubawa har suka ga tamu. Kafilin ya ji tsoro, ya tambayi wani malami, malamin ya ce in akwai wanda zai shaida cewa mutum ne ya shuka ta, babu laifi. Duk duniya mu uku muka san Inna ce ta shuka ta, kuma ƙanena ne ya ba da shaidar.

Na tare shi a matattakalar bene don kada Inna ta ji. Na faɗa masa maganganun da har yau ban yi nadamarsu ba. Ya sunkuyar da kai, yana haɗa Hausa da Larabci kamar yadda ya saba.

“Yaya, wallahi gaskiya na faɗa. Wata rana tumɓuke ta za a yi a jefar, halas, shi ke nan. Can kuwa injiniya ne ke kula da ita.”

Na san halin wanda zamansa ke hannun wani, ni ma ba a sama nake ba. Amma abin da Inna ta rufe tun kafin a haife shi, ya ɗauka ya miƙa wa baƙo, bai ko ce mana ga ranar da za a zo ba, balle in tsinko mata ko da cikin tafi ne. Wannan ne ya ƙona mini rai.

Ni na faɗa wa Inna, don shi ya kasa. Ba ta yi kuka ba, ta dai daina tambayata labarin Juma'a. Da safiyar Sallah ya zo da wayarsa, ya durƙusa a gabanta ya nuna mata bidiyon bikin kunna fitilun. Ga magarya an datse mata rassa, an naɗe ta da fitilu tun daga gindi, an rataya mata jinjirin wata da taurari. Wani mai lasifika yana shelar cewa daga ƙasa mai albarka aka kawo ta, aka kunna wuta, jama'a suka yi tafi, yara suna ɗaukar hoto. Babu wanda ya ambaci ruwan alwalar kowa. Inna ta kawo wayar kusa da idonta, ta ce an yi wa baiwar Allah aski. Sannan ta dube shi.

“Auta, za su bar ka ka tsinko mini?”

“Abshiri ya Ummi, kwantar da hankalinki. Da hannuna zan kawo.”

Bayan aikin Hajji na shekarar Inna ta rasu, da hantsi, kanta a cinyata. Shi yana Riyad wurin aiki. Na kira shi na ce ba na buƙatar komai daga gare shi sai ganye. Na roƙi matan gidan wankan gawa su jinkirta mana, muka bar jana'izar azahar ta wuce, muka sa rai da ta la'asar a Harami. Ya iso kai tsaye daga filin jirgi, idanunsa jajur, ya miƙo mini leda cike da ɗanyen ganye. Har zuciyata ta fara sanyi a kansa.

Na ɗauki ɗaya na juya bayansa. Ganyen magaryar ƙasarmu bayansa fari ne, mai laushi, kamar an barbaɗa masa gari. Tun ina rarrafe nake wasa da shi. Wannan kuwa kore ne gaba da baya, sumul, irin sidrar nan da ke kowane gefen titi.

Na nuna masa bayan ganyen. Ya jingina da bango.

“Ba ta kama ba, Yaya. Tun tsakiyar azumi ta bushe.”

Wato ranar da ya durƙusa a gaban Inna ya ce da hannunsa zai kawo, ya san gawar itace yake nuna mata.

Mai wanka ta leƙo ta ce lokaci yana tafiya. Na shiga da ledar, na murje ganyen a ruwa, ya yi kumfa kamar kowane ganye. Matar ta san Inna tun a Nakkasa. Ta tambaye ni ko wannan na bishiyar nan ne ta ƙofar gidanmu. Na ce mata ta zuba ruwa kawai, ni zan riƙe kan.

Muna gaisawa da ƙanena, don Inna ba za ta so a yanke zumunci ba, amma gaisuwar ba ta wuce gaisuwa. Bana ma ana gobe azumi na ga magaryar a waya, sun sake naɗe ta da fitilu, har sun liƙa mata ganyen roba. Na matso da hoton na duba da kyau. Shi ma bayansa kore ne.